Ƙwaryar Fito

Daminar da Kumandan, Baturen mulki, ya aiko a kwashi maza zuwa aikin hanya, koramar garinmu ta cika ta batse. Innata ta rasu tun bara, da safe kuma za a tafi da Baba. Dole ya kai ni wurin Gwaggo a ƙetaren ruwa, wajen Bande, a daren nan.

Mu ba mu da jirgi. Abin da muke da shi ƙatuwar ƙwaryar fito ce, mai warin danshi da hayaƙi. Bayan isha'i ya zaunar da ni a ciki, shi kuma ya faɗa ruwa yana iyo, yana tura ni ta baya. Ya gargaɗe ni kada in waiwaya, don ƙwaryar za ta kife.

Babu farin wata. Da muka kai tsakiya kukan kwaɗi ma ya yi nisa, ko numfashinsa ba na ji. Na fashe da kuka.

"Baba, ba na ganinka!"

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ba sai kin gan ni ba. Muddin ƙwaryar tana tafiya, ina nan."

Daga aikin hanyar nan bai dawo ba.

Yanzu na tsufa, gidan ya watse, ni kaɗai nake shimfiɗa tabarmar salla. Wani lokaci in ɗaga hannu in yi ta roƙo, shiru. Sai warin ƙwaryar nan ya dawo mini. Ba na waiwayawa. Har yau dai tana tafiya.