Gatari a Ƙarƙashin Gado

"Gadajen baƙaƙen fata sun cika," in ji mai gadin asibitin, ya rufe ƙofa. Muka juyo da 'yar Malama gida tana zubar da jinin haihuwa.

Malama ce nas ɗin da ke tara mu, ungozomomin karkarar Misisipi ta Amurka, a coci tana koyar da mu. Ita ta hana mu ajiye gatari a ƙarƙashin gadon mai naƙuda don ya yanke ciwo. "Camfi ne. In abu ya gagara, sai asibiti."

Mun yi duk abin da ta koya mana, jinin bai tsaya ba. Na fita ɗebo ruwa, na dawo na tarar da Malama durƙushe cikin fararen kayanta, riƙe da gatari.

"Iya," ta ce da ni, ba ta ɗago ba, "kaifin sama yake kallo, ko ƙasa?"