Bafaranshe a Bakin Mai Fura

Mai goge na sake maimaita kiɗan, sai tsohuwa mai fura ta faɗi, ta miƙe da muryar namiji tana cigiyar lemarta da faransanci. Ita da ko ƙofar makarantar lakwal ba ta taɓa takawa ba.

Wani tsohon malami ne ya shirya bikin, don tunawa da marigayin da ya tsara kiɗan, wani bauɗaɗɗen makaɗin Faransa. Ya nemi mai kaɗa fiyano ya rasa a Dogon Dutsi, shi ya sa ya ɗauko mai gogen bori daga Lugu.

"Malam, marigayin mai kiɗan ne ya hau ta," in ji mai gogen. "Koya mini ƙarshen in sallame shi."

Abin da Malam ya gama yabawa a jawabinsa ke nan: kiɗan ba shi da ƙarshe.