Talabijin ɗin Don Zenón

Genoveva ta ga talabijin ɗin da take so a kasuwar El Alto, sabo fil a kwalinsa, irin wanda ake gani a kowane gida. Ta ɗaga kwalin da hannu ɗaya ta ji ba nauyi, nan take ya kwanta mata a rai. Kayan da za ta rungume a cinya cikin mota har garinsu Coroico, shi take nema.

Mijinta Hilarión kuwa idonsa na kan na Don Zenón, dattijon ɗakin sama. Na hannu ne, amma na manya: faɗinsa ya kusa cinye bango, in ana ƙwallo har zufar 'yan wasa kana gani. Dattijon zai tashi ƙarshen wata. Matsalar ita ce tun da aka lanƙaya sababbin ɗakuna a jikin matakala, talabijin ɗin ba ya saukowa. Duk mai so, sai dai ya saya har da ɗakin.

Abin da ke ci wa Genoveva rai ke nan. Rigimar gona ce ta kawo su La Paz, aka ce shari'ar 'yan watanni ce, ga shi 'yarsu Nayra har ta shiga aji ɗaya a nan. Wane irin wuri ne wannan, don Allah? Ɗaki kan ɗaki kamar akurkin kaji, tsakar gida ɗaya ga mutum ɗaruruwa, mai aski a nan, mai soya kifi a can, sama ma sai ka ɗaga kai sosai kafin ka gan ta. Genoveva na sayar da miyar gyaɗa a gindin matakala, tana kallon 'yarta na wasa tsakanin ƙafafun ƙarti.

'Yar Don Zenón kan sayi miya a wurinta. Ita ma a bayan uwa aka shigo da ita gidan, yanzu ga ta da nata goyon. Duk ranar da Genoveva ta gan ta sai ta ga kamar Nayra ce ta girma a nan.

“Wanda zai tafi ba ya sayen ɗaki, Baban Nayra,” ta ce wa mijin.

“Wa ya ce zan saya? Kallo ma laifi ne?”

Don Zenón bai taimaka ba ko kaɗan. Ya leƙo daga sama yana dariya da haƙoransa uku. “Doña Geno, wannan sabon naki ai leda ce aka shafa wa fenti! Ya sha sanyin La Paz sau biyu, sai dai ki riƙa tankaɗe gari a kai.”

“To ka ɗauki naka ka tafi da shi mana, tsoho, tunda zinariya ne.”

Ranar Talata lauya ya zo. Tana zuba wa masu sayen miya, tana hango su a lungu, lauyan na magana, Hilarión na kallon takalminsa. Da ta tambaya sai ya ce an sake ɗaga shari'ar ne kawai. Miyarsa ta huce a kwano bai taɓa ba.

Ranar Alhamis ta koma kasuwa ita kaɗai kamar kullum, ta ce wa mai shago ya ajiye mata kwalin zuwa Lahadi. Ta dawo da murnarta, sai ta tarar da ɗakinsu wayam, ba katifa, ba tukunya. Ta ɗaga kai. A bakin ƙofar Don Zenón an watsa gutsattsarin takarda masu launi, ƙasa a jiƙe tana warin barasa. An riga an zuba wa Uwar Ƙasa rabonta, yadda al'adarsu take in an sayi sabon muhalli, kuma ba a yi wa abin aro wannan.

Ta hau matakalar. Nayra na tsalle a gaban katafaren allon, Hilarión na ta ƙyaƙyata dariyar da ba ta da dalili.

“Kalle ni, Baban Nayra.”

Bai kalle ta ba. “Naki ba zai yi ƙarko ba, Geno. Wannan kuwa mai gyara ya duba, ya ce zai kai har Nayra ta gama sakandare.”

Ta dubi yarinyar da ko rubuta sunanta ba ta gama iyawa ba. Ashe ranar Talata ba ɗaga shari'ar aka yi ba, hukunci aka yanke. Sai a lokacin ta lura da ƙullin da ke bayan ƙofa: kayanta da na Nayra, an ɗaure su tsaf a zanen goyonta. Nasa kuwa suna rataye a ƙusa.

“Gobe ku bi motar Coroico,” ya ce a hankali. “Ba zan bari ta girma a nan ba. Ni wannan ya ishe ni hira.”

Ta zage shi, wallahi ta zage shi tas, ta ce masa maƙaryaci, ta ce masa matsoraci, sannan ta kifa kai a kafaɗarsa ta yi kuka har rigarsa ta jiƙe.

Da safe ya saɓa ƙullin ya rako su, Nayra na tambayar ko a Coroico ma akwai babban talabijin. Ɗan sandan bakin ƙofa ya zare sakata, uwa da 'ya suka fita titi, Hilarión kuwa ya tsaya daga ciki riƙe da ƙarfen, don nan ne iyakar fursuna.