Furfurar Aro

Tun da aka kafa dokar cewa sai mai furfura zai buɗe sana'a, wai kasuwancin yara ba ya ƙarko, hankalin Malam Tanimu bai kwanta ba. Ɗansa Sagir gwani ne a gyaran injin ban-ruwa, amma gemunsa baƙi wuluk, ga matarsa da tsohon ciki.

Da safe Malam Tanimu ya tsige furfurarsa, ya liƙa wa Sagir a gemu da ƙaro.

"Baba, in suka gane fa?"

"Kai dai kar ka sosa."

A ƙofar kasuwa ma'aikaciya ta tsinke sili ɗaya daga gemun Sagir ta jefa a na'urar gwajin gashi. Malam Tanimu yana tsaye a bayan ɗansa.

"Shekaru sun isa," in ji matar, sannan ta sassauta murya. "Amma ka yi haƙuri. Na'ura ta ce mai gashin nan ba zai ga damina mai zuwa ba, ba za mu ba shi rumfa ba."

Sagir ya juyo a hankali ya dubi mahaifinsa.

"Juya gabanka," Malam Tanimu ya raɗa masa. "Tana kallonmu."