Sojan da Baba Ya Ci

Yaya ya tura soja gaban sarkin Baba a allon darar Turawa. Tarko ne: in Baba ya ci shi, ɗaya sojan Yaya zai tsere zuwa ƙarshen allo ya zama sarauniya.

"In gwani kamar Baba ya ci wannan, hankalinsa ya tafi," in ji Yaya. "Sai mu sayar da shagonsa."

Tun da jikin Baba ya shanye, Auta kaɗai ke gane maganarsa. Ta kara kunne a bakinsa.

"Ya ce a ci."

Ta ci masa. Yaya ya girgiza kai ya fita.

Auta ta nuna wa Baba karkataccen yatsanta.

"Na ji ka sarai, 'kar ki ci' ka ce. Ranar da na ci irin sojan nan ka karya min wannan."