Masu Laushin Hannu

Zanen gado na bakwai take matsewa lokacin da motar farko ta daki ƙofar asibitin mishan ta tsinke sarƙar.

Uwar Kumfa ba ta gudu ba, gwiwoyinta sun daɗe da daina wannan aikin. Ta goge hannu a jikin zani, ta tura makullan da ke ƙugunta ciki, ta tsaya a bakin baho. Kafin kumfar ta kwanta an tattaro duk mai iya tashi tsakar gida, ma'aikata da marasa lafiya, har da mai jego da jaririnta.

Shugaban maharan wani siriri ne mai jar hula, muryarsa kamar ta ɗan akuya.

"Baƙon nan muke so," in ji shi. "Wanda coci ya turo daga ƙetaren teku, yana ɗinke mana maƙiya suna komowa su harbe mu. An ce ba fari ba ne, kamar mu yake. To, wane ne?"

Jar Hula ya juya bindiga ya sauke gindinta a bakin mai ba da magani. Haƙora biyu suka faɗo kan siminti. Mutumin ya durƙusa yana tofar da jini, ya ce shi kam sunayen ƙwayoyi kaɗai ya sani.

Uwar Kumfa ta san wanda ake nema. Ta buɗe baki, sai Sista, babbar nas ɗin da ke gefenta, ta ɗora dugadugan takalmi a kan yatsun ƙafarta ta murza.

"Tsohuwa, magana za ki yi?"

"Bebiya ce, ranka ya daɗe," in ji Sista. "Wanki kawai ta iya."

Jar Hula ya yi dariya. "Ku miƙo hannu, kowa da kowa. Manya ba sa ɓuya, tafinsu kamar na jariri yake."

Ya bi layi yana shafawa. Na direba ya ga baƙin mai a farce, amma don direban ya ɗaga ido ya dube shi, ya harbe shi a cinya. Ihun ya tashi tsuntsaye daga kan kwano. Da ya iso kan Uwar Kumfa ya kama hannunta ya juya: fata duk ta tsage, farce ya cinye, ga warin sabulu da na kashin marasa lafiya. Ya yar da shi yana toshe hanci.

"Wannan ko kare ba zai lasa ba."

Ya sa aka kawo galan na fetur aka fara kwarara shi a ƙofar ɗakin haihuwa. Ya ciro ashana ya ce zai ƙirga zuwa goma. Uwar Kumfa ta fizge ƙafarta. Sista ta cafko wuyan rigarta ta baya ta shaƙe ta, har numfashi ya gagara, balle magana.

Yana kan shida ƙofar ɗakin maza ta buɗe.

Malam Tabarau ne, tsohon malamin makaranta, wata takwas yana kwance da ciwon da aka ce ba tashi. Kowace safiya Uwar Kumfa ke canza masa shimfiɗa ta mulke masa hannaye da mai, shi kuma ya biya ta da tsokana. Ba wanda bai iya kwaikwaya ba a gidan: tafiyar Sista, tarin direba, atishawar mai gadi. Yakan ce gidan nan komai a juye yake, shi ya sa ya ƙi mutuwa, yana jiran ya ga ƙarshen abin.

Yanzu ga shi cikin farar rigar likita da ke rataye a bayan ƙofa, gicciye a wuya, yana takawa a hankali don kada a ga rawar ƙafarsa.

"Ni kana nema," in ji shi, da wani murɗaɗɗen harshe mai jan ƙarshen kalma. "Bari mutane nawa. Kashe wuta, yaro."

Ko a cikin wannan masifa sai da leɓen mai ba da magani ya motsa. Duk gidan an san wannan harshen.

Jar Hula ya kama hannun tsohon ya shafa tafin, ya ɗaga shi sama yana nuna wa yaransa. "Kun gani? Kamar auduga."

Ba su ma tafi da shi ba. Suka ja shi gindin igiyar shanya, harbi uku. Ya faɗi ya janyo zanen gado biyu a kansa, farin ya rine ja tun daga tsakiya. Motocin suka fita da baya suna ƙaho.

Sai a lokacin Sista ta saki wuyan rigar, ta zube ƙasa tana kuka. "Ki yafe min, Mama. In kin tafi gidan nan ya rufe."

Uwar Kumfa ta ja ƙafa zuwa gindin igiyar. Shekara goma sha tara tana wanki a gidan, tun ranar da aka damƙa mata shugabancinsa aka kafa dokar cewa aikin da kowa ke ƙyama na wanda ke riƙe da makullai ne. Ta ɗaga zanen, ta gyara masa tabarau, ta riƙe hannun da ta yi wata takwas tana tausasa shi.

"Malam," in ji ta, da murɗaɗɗen harshen nan mai jan ƙarshen kalma, "ko yau ma kana kwaikwayo nawa?"