Gayauna da Ƙudan Mangwaro

Akwai wata amarya da mijinta ya yankar wa gayauna a bayan gida, gonarta ta farko kenan a duniya. Ta shuka gero, ruwa ya sauka, kowane rami ya fito da tsiro cunkus. Aka ce ta rage, ta bar biyu ko uku, ita kuwa hannunta ya ƙi. A ganinta kowane tsiro rai ne, wace ce ita da za ta ce wannan ya tsaya, wancan ya tafi? Ana nan shukar ta fara yin rawaya, ta zama sirara kamar tsintsiya, ga alama kaka za ta zo ta same ta hannu wofi. Wata rana ta ɗauko ƙwaryar da ta manta da mangwaro a ciki har ya ruɓe. Ƙananan ƙudajen nan masu jan ido suka tashi, a gefen ƙwaryar kuma ga wasu 'yan abubuwa manne, kamar ƙaiƙayin shinkafa. Ta sa ƙaya ta huda ɗaya, sai ɗan farin ruwa ya fito kamar kunu. Za ta wanke ƙwaryar kenan, yayar mijinta ta riƙe mata hannu. Ita wannan a jami'a take aiki, inda ake kiwon irin ƙudajen a kwalba ana nazarinsu, ta zo ganin gida ne.

Ta ce, "Amaryarmu, kin yi kisan kai da rana tsaka, to bar mana sauran." Amarya ta sunkuyar da kai tana murmushi. Yayar ta zauna ta bayyana mata cewa tsutsar ƙudan ce ta shiga irin ɓawon nan ta rufe kanta, kuma jikinta 'yan ƙwayoyi ne bila adadin waɗanda ido ba ya gani, suna aika wa juna saƙo kamar maƙwabta ta kan katanga. In lokaci ya yi, sai saƙo ya ratsa jikin duka. A ce wa wasu ku yaɗu ku zama fiffike, wasu ku zama ido, wasu kuma a ce aikinku ya ƙare. Waɗannan ba sa gardama, da kansu suke narkewa, su zama abincin masu tasowa. Ta ce a jami'arsu sun sha toshe hanyar saƙon, sai tsofaffin ƙwayoyin su ƙi mutuwa, ƙudan kuwa ya mutu a cikin ɓawonsa bai taɓa ganin rana ba. Amarya ta ajiye ƙwaryar a inuwa tana leƙawa. Wata safiya ta ga bakin ɓawo ɗaya ya buɗe, wani abu fari-fari ya rarrafo da fiffike a cukurkuɗe kamar tsumman da aka matse. Ta tsugunna, tana kallo, har fiffiken ya miƙe ya bushe, abin ya tashi. A hankali ta ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah." Ta ɗaura zanen aiki ta nufi gayauna. Kowane rami ta duba masu ƙarfi ta bari, waɗanda ta cire kuwa ba ta zubar ba, ta kwantar da su a gindin 'yan'uwansu, su ruɓe a nan su zama taki.

Da ma Hausawa sun ce, faɗuwar wani, tashin wani.